Me Ya Hana Ƙasar Hausa Zama Daula Ɗaya a Zamanin Mali da Songhai?

Almajirin Tarihi ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da tarihin Afirka ta Yamma, kuma ina fatan masu ilimin abin za su warware mini ita. Duk littafin makarantar da mutum ya buɗe zai tarar an jera manyan dauloli uku bi da bi, wato Gana da Mali da Songhai, kowace ta tashi ta mamaye ƙasa mai faɗi, ta tara zinariya, sannan ta faɗi wata ta gaje ta. Idan aka zo kan ƙasar Hausa kuwa, sai a ambaci Hausa Bakwai, a kawo labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura, daga nan a tsallaka zuwa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, tamkar babu abin da ya faru a tsakani.

Abin da nake son sani shi ne, me ya hana Kano ko Katsina ko Zazzau ko Gobir haɗe sauran ƙasashen Hausa a ƙarƙashin sarki ɗaya, alhali harshensu ɗaya ne, al'adunsu sun yi kama da juna, kuma suna da dawaki da mayaƙa da manyan kasuwanni? Rauni ne ya jawo haka, ko rashin jituwa, ko kuwa akwai wani dalilin da littattafan ba su tsaya sun bayyana ba? Ina kuma son a faɗa mini irin dangantakar da ke tsakanin biranenmu da waɗancan dauloli a lokacin da suke kan ganiyarsu. Allah ya saka da alheri.

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina ba za a iya amsa tambayarka ba sai an fara duba abin da ya riƙe waɗancan dauloli tun asali, domin dukkansu a kan abu ɗaya suka tsaya, wato musayar zinariyar kudu da gishirin hamada.

Gana, wadda ba a inda ƙasar Ghana ta yau take ba, daular mutanen Soninke ce da ke tsakanin kudancin Muritaniya da yammacin Mali na yanzu. Al-Bakri, malamin Andalus da ya rubuta labarinta wajen 1068 daga bakin fatake, ya ce sarkinta yana karɓar dinari ɗaya a kan kowane jakin da ya shigo da gishiri, da dinari biyu idan zai fita da shi, kuma duk curin zinariyar da aka haƙo na sarki ne, garinta kawai ake bar wa jama'a, don kada ta yi yawa a hannu darajarta ta zube. Zinariyar ma daga Bambuk take zuwa, ba sarkin ke haƙar ta ba. Shi dai ya tsare ƙofar da kowa zai bi, kuma da abin da yake karɓa a bakin ƙofar yake ciyar da runduna yana tilasta wa ƙananan sarakuna kawo gaisuwa.

Da aka buɗe ramukan zinariya na Bure can kudu, kusa da mafarin kogin Neja, sai ƙarfi ya koma hannun Mandinka. Sunjata Keita ya ci Sumanguru sarkin Soso a Kirina wajen 1235, Mali ta tashi. Kowa ya san hajjin Mansa Musa, sarkin Mali, na 1324, da yadda ya watsa zinariya a Alƙahira har marubucin nan Balarabe al-Umari, wanda ya bi sawun labarin bayan kimanin shekara 12, ya tarar farashinta bai farfaɗo ba. Amma ni abin da ya fi nuna mini sirrin daular shi ne abin da Ibn Battuta ya gani a 1352. Ya ratsa Tagaza, ƙauyen da aka gina gidajensa da masallacinsa da tubalan gishiri aka rufe da fatun raƙuma, kuma ya ce kayan raƙumi ɗaya na gishirin nan ana sayar da shi miskalin zinariya 8 zuwa 10 a Walata, zangon fatake a bakin hamada, amma kafin ya isa babban birnin Mali ya kai 20 zuwa 30, wani lokaci har 40. Wanda duk ya mallaki hanyar da farashi ke ninkawa haka, ya mallaki daula. Songhai kuma ta ƙara da kogi. Sunni Ali, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, da jiragen ruwa ya ci Jenne bayan ya karɓe Timbuktu, kuma kogin Neja ya zame masa titin da yake kai mayaƙa da hatsi daga Jenne har Gao, babban birnin Songhai, cikin sauƙi.

To ka dubi ƙasar Hausa da wannan ido. Babu wani ramin zinariya irin na Bambuk ko Bure da wani sarki zai zauna a bakinsa, kuma babu babban kogin da ya ratsa Kano da Katsina da Zazzau har a ce mai jiragen ruwa ya mallake su duka. Abin da Allah ya ba ƙasar shi ne ƙasar noma mai albarka da ke ba da gero da dawa da auduga da baba, ga tama a duwatsu irin su Dala, kuma kowane birni yana da nasa rabon. Arzikin yana hannun manoma da masaƙa da marina da dukawa da maƙera da fatake, mutane masu ɗimbin yawa waɗanda idan sarki ya matsa musu sai su ɗaure kayansu su koma birnin abokin gabarsa. Irin wannan arziki ba ya ƙwatuwa da yaƙi ɗaya.

Sannan ga ganuwa. Tsohon littafin nan na labarin sarakunan Kano da ake kira Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar birnin tun farkon ƙarni na 12, kuma abin lura shi ne ganuwar ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, ta haɗa da gonaki da ruwa da dutsen Dala. Rundunar dawaki tana iya ƙone ƙauyuka ta kwashe shanu da bayi, amma ba ta iya tsallake badala, kuma da zarar damina ta kama dole mayaƙa su koma gona. Shi ya sa Kano da Katsina suka yi ta gwabzawa ba tare da ɗaya ta haɗiye ɗaya ba. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, an yi shekara 11 ana yaƙi tsakaninsu babu wanda ya yi rinjaye, aka kuma ci gaba da haka har Sarkin Kano Kutumbi ya rasa ransa a yaƙin Katsina wajen 1648, kafin malamai su shiga tsakani a yi sulhu. Saboda haka ni ba rauni nake gani a nan ba, ƙarfi ne da ya zo daidai wa daida a birane da yawa.

Ɗan Gabas ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, na gamsu da bayaninka, amma akwai babban ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma shi ne littattafan makarantar ma suke yawan tauye wa haƙƙi. Jerin Gana, Mali, Songhai ya sa mutane sun ɗauka dukkan tarihin yankin a yamma ya gudana, alhali a gabas akwai Kanem da Barno, inda gidan sarautar Saifawa ya riƙe mulki tun daga ƙarni na 11 har zuwa 1846. Daular Mali da ta Songhai ba su yi kusa da wannan tsawon rai ba.

Sarkin Kanem Mai Hume ya karɓi Musulunci a ƙarshen ƙarni na 11. A zamanin Mai Dunama Dibalemi, a tsakiyar ƙarni na 13, ikon Kanem ya kai Fezzan a cikin Libiya ta yau, kuma mutanen Kanem sun mallaki makaranta da masauki a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu. Da ƙabilar Bulala suka kori Saifawa daga babban birninsu Njimi a ƙarshen ƙarni na 14, ba su watse ba, sai suka koma yammacin tafkin Chadi, inda Mai Ali Gaji ya gina Birnin Gazargamu wajen 1470. Akwai ma wasiƙar da Mai Usman ɗan Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wajen 1391, yana kukan cewa wasu Larabawa suna kama talakawansa Musulmi 'ya'ya, waɗanda ba bayi ba, suna sayarwa, wasiƙar da ke tuna mana cewa ayarin hamada ba gishiri da tufafi kawai yake ɗauka ba, har da mutane, kuma Barno kanta da biranen Hausa sun ci wannan kasuwa da kai hari kan maƙwabtansu na kudu. Bai kamata mu ɓoye wannan ba idan muna yabon arzikin wancan zamani. Daga baya Mai Idris Aloma, a rabin ƙarshe na ƙarni na 16, ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi, ya yi musayar jakadu da Sarkin Santambul Murad na Uku, kuma limaminsa Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa, har da waɗanda ya yi a ƙasar Kano.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, duk wani sarkin Hausa da ya so ya zama sarkin sarakuna, zai tarar an riga an zauna a wannan kujera. Tarihin Kano da kansa ya ce Sarkin Kano Abdullahi Burja, a tsakiyar ƙarni na 15, shi ne ya fara kai wa Barno gaisuwa, kuma kafin shi wani ɗan sarautar Barno da ake kira Dagaci ya zo ya zauna a Kano da jama'a masu yawa. Ko labarin Bayajida da ɗan'uwa ya ambata, ta Barno ya biyo kafin ya iso Daura, wanda ke nuna inda kakanninmu suke ganin tushen martabar sarauta. Ga Barno a gabas, ga Songhai a yamma, ga Kwararrafa tana kawo hari daga kudu har ta shiga cikin birnin Kano a ƙarni na 17, ga Azbinawa a arewa suna riƙe da hanyar Agadas. Birnin da ya fara girma fiye da kima zai jawo wa kansa idon ɗaya daga cikin waɗannan, kuma 'yan'uwansa ba za su ƙi taimakon baƙo a kansa ba.

Bakatsiniya ta amsa:

Malamaina, ina neman izini in ɗan ja da tambayar kanta. Me ya sa muke ɗaukar cewa daula mai faɗi ita ce ma'aunin cigaban al'umma, har muke neman uzuri ga waɗanda ba su kafa ta ba? Wannan tunani ya samo asali ne daga irin mutanen da suka bar mana rubutu. Al-Bakri da al-Umari da Ibn Khaldun sun rubuta abin da ya dami masu karatunsu a Andalus da Masar da Magrib, wato ina zinariya take, kuma wane sarki ne ke riƙe da ita. Wurin da babu babban sarki ko babu zinariya, alƙalaminsu bai cika tsayawa a kansa ba.

Da masu tonon kayan tarihi suka fara aiki a Jenne-jeno a 1977, kusa da Jenne ta yanzu, sun gano cewa an zauna a wurin tun kimanin shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma wajen shekara ta 800 ya zama babban gari mai ganuwa, da maƙera da magina tukwane da masunta da manoman shinkafa, yana samun ƙarfe da tagulla daga nesa. Duk da haka ba a tono fada ko wata alamar sarki mai cikakken iko ba. Wannan ya rushe tsohon zancen da ake yi cewa Larabawa ne suka kawo wa yankin zaman birni da fataucin nesa. Haka nan kayan tagulla na Igbo-Ukwu, waɗanda aka ƙera wajen ƙarni na 9 zuwa na 10 da ƙwarewar da har yau take ba masana mamaki, sun fito ne daga ƙasar da ba a san ta da wata babbar daula ba. Kawunan mutum-mutumin da aka ƙera a Ife ta ƙasar Yarbawa ma babu wani Balaraben da ya ba da labarinsu.

Ni abin da nake gani ya haɗa Afirka ta Yamma a wancan zamani shi ne fatake da malamai, fiye da sarakuna. Wangarawa, 'yan kasuwa kuma malamai daga Mali, sun bazu daga Jenne zuwa dajin Akan inda ake samun zinariya da goro, suka kuma iso ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya sa zuwansu a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, ya ce su ne suka kawo salla da limanci da alƙalanci, kodayake wani rubutun na zuriyarsu ya kai zuwan nasu zamanin Rumfa. A zamanin Sarki Yakubu kuma Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da lugga, fataken Gwanja, ƙasar da ake samo goro, suka fara zuwa Katsina, gishirin Azbin ya yawaita. Shehu Magili ya taso daga Tuwat ya zauna a Kano wajen 1492, ya rubuta wa Rumfa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, ya biyo ta Katsina, sannan ya wuce Gao inda ya amsa tambayoyin sarkin Songhai Askiya Muhammadu, kuma har yau Sharifan Kano suna danganta kansu da shi. Imam Suyuɗi daga Alƙahira ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha. Malaman Timbuktu irin su Makhluf al-Bilbali sun koyar a Kano da Katsina. Ashe ke nan biranen Hausa suna tsakiyar wannan duniya, ko da ba a zana su da launi ɗaya a taswira ba.

Kuma ku dubi abin da ya faru a 1591. Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya turo runduna ta 'yan dubbai kaɗan masu bindiga a ƙarƙashin Judar Basha, suka ratsa hamada, suka karya Askiya Ishaƙ na Biyu a Tondibi a yini ɗaya, daga baya aka kwashe malaman Timbuktu har da Ahmad Baba zuwa Marrakesh. Daular da komai nata ya rataya a kan fada ɗaya ta faɗi da faɗuwar fadar. Ayari kuwa sai ya ƙara karkata gabas, ta hanyar Gadamas da Gat da Agadas, Katsina ta zama babban zangon fatake da cibiyar ilimi, zamanin da ta fitar da Ɗan Marina da Ɗan Masani. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a Kano su ake sawa har Timbuktu.

Almajirin Tarihi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamai, Allah ya ƙara basira. Bayanin ganuwa da na damina ya shige ni sosai, haka ma maganar Malama cewa a dubi fatake da malamai. Sai dai akwai abu ɗaya da ya rage mini. A taswirar da ake sawa a littattafai, iyakar Songhai takan haɗa har da Kano da Katsina da Zazzau, ana cewa Askiya Muhammadu ya ci su da yaƙi. Idan haka ne, ashe ganuwar ba ta hana ba ke nan, kuma an taɓa haɗe ƙasar Hausa a ƙarƙashin sarki ɗaya, ko da baƙo ne. Yaya gaskiyar wannan magana take?

Malamin Tarihi ya amsa:

Wannan taswira, ɗan'uwa, a kan maganar mutum ɗaya aka zana ta, wato Hasan al-Wazzan wanda Turawa ke kira Leo Africanus. A littafinsa da aka buga a Italiya a 1550 ya ce Askiya ya kashe sarakunan Gobir da Katsina da Zazzau da Zamfara, ya yi wa Kano ƙawanya har sarkinta ya yarda da biyan sulusin kuɗin shigarsa. Amma Tarihin Kano, wanda bai ɓoye kai wa Barno gaisuwa ko shan kashi a hannun Kwararrafa ba, bai ambaci wannan ƙawanya ko sau ɗaya ba. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi, wanda aka rubuta a ƙasar Songhai kanta kuma ya bi yaƙe-yaƙen Askiya shekara bayan shekara, bai kawo cin Kano ba. Abin da ya kawo shi ne hari a kan Katsina wajen 1513, da yaƙin Agadas bayansa. Da Askiya ya ci birni kamar Kano, da wuya marubutan ƙasarsa su manta da shi, kuma wannan ne ya sa masana da yawa suke ɗaukar labarin Leo a matsayin jita-jitar fatake da aka kambama.

Abin da ya tabbata shi ne ƙarshen yaƙin Agadas ɗin. Kanta, wanda ya taimaka wa Askiya da mayaƙansa, ya ga ba a ba shi rabonsa na ganima ba, sai ya yi tawaye wajen 1516, ya kafa Kabi da birninsa Surame, wanda kufan ganuwarsa ta dutse yake nan har yanzu a jihar Sakkwato. Rundunonin Songhai sun zo masa ba sau ɗaya ba, suka koma ba su yi nasara ba, kuma Kabi ta zama katanga tsakanin Gao da sauran ƙasar Hausa. Kanta shi ne Bahaushen sarkin da ya fi kowa kusa da abin da kake tambaya, domin ƙarfinsa ya sa maƙwabta da dama sun kai masa gaisuwa, amma wannan iko bai daɗe ba bayan rasuwarsa, Gobir da Zamfara suka ɗaga kai.

Al-Sa'adi ya kuma kawo wani labari daga zamanin Askiya Dawuda, wajen 1554, da ke nuna yadda dangantakar take. Mahaya 24 na Songhai sun kai hari ƙasar Katsina, suka yi karo da mahayan Katsina 400. Aka kashe 15 daga cikin mahayan Songhai, aka kama sauran tara da raunuka. Katsinawa suka yi jinyarsu har suka warke, sannan suka mayar wa Askiya da su, suna cewa jarumai irin waɗannan ba su cancanci a kashe su ba. Wannan ya faru ne bayan kimanin shekara 40 da lokacin da aka ce Askiya Muhammadu ya ci Katsina, kuma a cikin labarin babu wakilin Askiya a birnin, babu zancen haraji, babu kuma wata alamar cewa Katsinawa suna jin tsoron hukunci daga Gao saboda mahayan da suka kashe.